Nauyin Inna

Shekarar da Baba ya rasu, bayan Inna ta fita takaba, na je ƙauyenmu da ke bayan Illela na ɗauko ta zuwa Konni. Mu biyu ne maza a ɗakinta, ni da wana. Shi ya riƙe gonakin gida, ni kuma ina da shagon kayan moto, wato babur, a bakin babbar hanya, kusa da tasha. Muka yi shawara cewa ta sha wahala iyakar sha, lokaci ya yi da za ta zauna inda akwai wuta da famfo, ga likita kusa. Ba ta so ba, amma ba ta yi gardama ba. Ta ɗaure tufafinta cikin zane, ta ɗauki ƙwaryar damunta da ludayinta, muka shiga mota.

A lokacin siririya ce, doguwa, ana ganin jijiyoyin hannunta. Tun ina yaro ban taɓa ganin rana ta fito ta same ta zaune ba. Rijiyarmu tana can gangaren gari, ita ke zuwa da tulu. In ta dawo ta yi surfe, ta yi daka, ta dama fura ta kai gona a kanta. Da kaka tana roron wake, da rani tana neman itace. Ranar kasuwar Illela, in amalanken jaki ya cika da kaya, sai ta bi bayansa a ƙasa, kuma ba a taɓa jin ta ce ta gaji ba.

Safiyarta ta farko a gidana ta ɗauki tsintsiya, matata ta zo da gudu ta karɓe. Ta tambayi turmi, aka ce mata ana kai niƙa inji. Ta tambayi inda ake ɗibar ruwa, aka nuna mata famfo a tsakar gida. Na sayo mata kujera mai hannu da fanka, na ce wa yara duk abin da take so su miƙo mata. Tafiyarta ta yini ta koma daga ɗaki zuwa inuwar darbejiya, daga nan zuwa bayi, sai wurin salla. Ni kuwa daɗi nake ji. In na dawo daga shago na same ta zaune da carbi, jikoki na kewaye da ita, sai in ji na yi wani abu a duniya.

Layinmu kuma ba ya rabuwa da ƙamshin mai. Daga ƙofar gida ana hango mai fanke da mai ƙosai. Gaba kaɗan mai awara ce, sai mai shayi da burodi, sai wata mai shinkafa da wake da ke zuba mai har ya kwanta a gindin kwano. Shagon kwana yana da firiji cike da lemun kwalba da ake shigowa da shi daga ƙetaren iyaka. A ƙauye sai ranar kasuwa ake ganin irin waɗannan, a nan kuwa yaro za a aika ya dawo kafin a gama magana. Maƙwabta suna aiko mata da kwano don girmamawa, ni ma ba na shigowa da magariba hannu banza, in ba tsire ba to soyayyen kifi.

Ta fara cika. Kumatunta suka fito, fatarta ta yi sheƙi. Mutanen ƙauyenmu da ke biyowa ta Konni in sun gan ta sai su koma suna ba da labari, wai birni ya karɓi tsohuwa, ɗanta ya riƙe ta da kyau. Wana ma da ya zo sallar layya ya ja ni gefe ya sa mini albarka.

Abin da ya fara taɓa mini zuciya awarwaronta ne. Na azurfa ne, tun na aurenta, a da yana yawo a hannunta har gwiwar hannu. A shekara ta uku ya nutse cikin naman hannun, ya bar shaida, har sai da muka kira maƙeri ya buɗe shi. Ta yi dariya, ni ban yi ba. Daga ranar na fara kallonta da wani ido. Na lura in ta yi sujada sai ta dafa bango kafin ta miƙe. Na lura in ta raka baƙuwa ƙofar gida ta dawo, tana zama ne tana haki a ɓoye, ta ja mayafi ta rufe baki. Ƙafafunta suna kumbura da yamma. In na tambaya sai ta ce tsufa ne, kowa da ranarsa.

Wata safiya tana alwala jiri ya ɗebe ta, ta zame ta zauna a bakin famfo. Matata ta aiko aka kira ni. Kafin in iso ta farfaɗo, har tana faɗa wai an tara mata mutane a kan abin da bai kai ya kawo ba. Duk da haka na ɗora ta a moto muka tafi likita, wato asibitin unguwa.

Babbar ma'aikaciyar wurin, wadda kowa ke kira majo, mace ce mai ɗan shekaru, ba ta da yawan magana. Ta ɗaura wa Inna abin awon jini a dantse, ta duba, ta sake ɗaurawa a ɗaya hannun. Ta ce tansiyo, wato bugun jininta, ya hau sosai, sukari kuma yana bakin ƙofa, bai shigo ba tukuna. Sannan ta jawo sikeli daga ƙarƙashin tebur ta ce Inna ta cire takalmi ta hau. Na ga allurar sikelin ta wuce inda na zata, ta ci gaba. Ban san nauyinta na da ba, ba wanda ya taɓa auna ta, amma na san matar da na ɗauko daga ƙauye ba ta kai ko kusa da nan ba.

Majo ba ta yi mana faɗa ba, tambayoyi ta yi. Ina Inna ke zuwa da safe. Wa ke yi mata wanki. Me ake sayarwa a ƙofar gidanmu. Me take ci a ƙauye, me take ci yanzu. Ina ba da amsa ina jin muryata tana raguwa. Da ta gama ta rubuta magani, ta ce na kullum ne, kada a tsallake. Game da nauyin kuma ta ce abu biyu ne suka sauya a rayuwar Inna lokaci guda, motsi da abinci, kuma ita ba za ta iya ce mini ga wanda ya fi laifi ba.

"Ku taɓa ɗaya ku bar ɗaya," in ji ta. "Ku fara da tafiya, abincin a bar shi yadda yake. Duk farkon wata ka kawo ta da safe, kafin ta ci komai, da irin tufafin nan. In kun sauya komai tare, ko ya sauka ba za mu san dalili ba."

Na fito da wannan magana a kaina kamar an ɗora mini dutse. A hanya Inna ta ce mini matar tana da kirki, amma ba ta ga abin da ya sa za a auna mutum kamar buhun albasa ba.

Washegari bayan asuba na ce mata ta zo mu ɗan taka zuwa bakin hanya mu dawo. Ta dube ni.

"Mu tahi ina? Wa ya mutu, wa ya haihu?"

Na ce ba kowa, tafiya ce kawai don lafiya. Ta ce ita tunda take ba ta taɓa fita ba dalili ba, mai yawo ba inda za shi mutane sun san sunan da ake kiransa. Na lallashe ta muka fita sau biyu ko uku. Tana tafe tana jan mayafi, duk wanda ya gaishe mu ya tambayi ina zuwa sai ta rasa amsa. Daga nan ta ce ƙafarta na ciwo. Na gwada ƙirƙiro mata aike, in ce ta kai wa ƙanwar matata saƙo a wata unguwa. Ta gane a karo na biyu, ta ce in daina mai da ita yarinya.

Ita da kanta ta kawo mafita, ba don ta yarda da majo ba, sai don zaman ya ishe ta. Wata rana ta ce in ina so in ga ta fita, in saya mata tunkiya. Na sayo mata ɗaya mai ciki, aka ɗaure a bayan ɗakin girki. Na ce zan riƙa sayo harawa, ta ce a'a, dabbar da ake saya wa ci ba kiwo ba ce. Akwai wani ɗan garinmu da ke da garka, wato lambu, a wajen gari, inda ake noman rani. Ta nemi lauje da tsohon buhu, ta fara zuwa can da sanyin safiya tana yanko ciyawa a bakin kwalbati.

Kwanakin farko hankalina ba ya shago. Hanyar tana ratsa titi inda manyan motoci da ƴan kabu-kabu ke gudu. Ina miƙa wa mai saye kaya ina tunanin jirin nan, in ya kama ta a bakin ruwa ba kowa kusa fa? In wayata ta yi ƙara sai gabana ya faɗi. Wani lokaci nakan rufe shago in bi ta a moto daga nesa, in ga ta ƙetare titi, sannan in juyo. Tana tsayawa ta huta a gindin kowace bishiya. Amma bayan ƴan makonni na ga hutun ya ragu, buhun kuma ya ƙara cika.

Magana ba ta daɗe ba ta fara yawo. Wani abokin cinikina ya ce mini cikin raha ya ga tsohuwata da buhu a ka, ko kasuwa ce ta yi sanyi. Matata ta daina zuwa wani gidan suna saboda an jefa mata habaici, wai surukar zamani ta kori uwar miji daji. Ta yi kuka, ta ce ita ce za ta kwashi zagin, ni ina shago ba na ji. Gaskiyarta ce. Na ba ta haƙuri.

Wani direba da ke jigila tsakanin Konni da Illela ya kai labarin gida. Wana bai kira waya ba, zuwa ya yi da kansa. Ya same ni a shago, ya ƙi zama, ya ƙi shan ruwa. Ya ce da ya san ciyawa za ta zo yanka da ya bar ta a ɗakinta, can aƙalla ciyawar gonar mijinta ce. Na yi masa bayanin tansiyo, da sikeli, da abin da majo ta ce. Ya ce shi bai taɓa jin inda ƙiba ta zama cuta ga tsohuwa ba, rama ce ake tsoro.

"Yaya, faɗuwa ta yi," na ce masa. "A bakin famfo na same ta."

Ashe ba wanda ya gaya masa wannan. Muka tafi gida tare. Inna ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce ba wanda ya aike ta, tunkiyarta ce, ƙafarta ce, kuma tun da ta fara fita take samun barci. Ya kwana ɗaya ya koma, bai gamsu ba, amma bai sake maganar ba.

Farkon wata na kai ta likita da zumuɗi. Na riga na saka a raina allurar za ta ja baya sosai. Ta hau, allurar ta tsaya kusan inda take. Wata na biyu ma haka, abin da ya ragu bai kai a faɗa ba. Tansiyon ya ɗan sauka, amma majo ta ce wannan tana iya yiwuwa aikin magani ne. Na tambaye ta ko sikelin ya lalace. Ta ce shi take auna kowa da shi, kuma in daina tsammanin abin da ya taru cikin shekaru ya tafi cikin wata biyu.

Ban ji wannan ba. Na fara zargin komai. Na je wurin wani mai awon albasa da na sani, na ce ko zai bar ni in kawo Inna a gwada nasa, ya yi dariya har na ji kunya na bar maganar. Na fara kallon kwanonta in tana ci, ina ƙirga lomarta a zuci. Ta lura. Wata rana ta ture kwanon ta ce in ina so in ci in zo in ci, in kuma ba na so in tashi daga kanta.

Matata ce ta buɗe mini ido. Ta ce tunda Inna ta fara zuwa garka take dawowa da yunwa, kuma hanyar dawowa ta gaban mai fanke take bi. Matar tana ganin girmanta, kullum sai ta ƙunsa mata masu zafi, ba ta karɓar komai. Mai awara ma haka. In ta shigo gida ga shayi da madara yara na sha, sai ta zauna cikinsu. Da rana in an dafa taliya da jikoki take ci, kwano ɗaya, saboda ba ta iya cin abinci ita kaɗai. Wato abin da majo ta ce a bar shi yadda yake bai tsaya yadda yake ba, ƙaruwa ya yi, ba tare da kowa ya yi niyya ba.

Da na gaya wa majo ba ta yi mamaki ba. Ta ce to yanzu a taɓa abincin, a ci gaba da tafiyar. A rage soye-soye da zaƙi da gishiri, a koma mata irin cimarta ta gida. Faɗar ta fi yin sauƙi. Na sa wana ya aiko da gero, matata ta riƙa yi mata tuwo da miyar kuka, da dambun zogale, da fura ba sukari. Inna ta ji daɗin furar. Amma yara suka ƙi tuwon, ita kuma ta ƙi ci su suna cin wani abu dabam a gabanta. Dole gidan gaba ɗaya ya koma tuwo da dare, ana ci ana ɓata rai. Kwanukan maƙwabta kuwa ba yadda za a yi a mayar. Na je da kaina wurin mai fanke na roƙe ta ta daina ba Inna. Matar ta ji zafi, ta ce ita alheri take yi, ba ta san guba take sayarwa ba. Ta yi kwanaki ba ta amsa gaisuwata.

Azumi ya shigo a tsakiyar wannan. Na ce a raina yanzu kam za a ga bambanci. Sai ga shi zafi ya hana ta zuwa garka, da shan ruwa kuma gida na cika da ƙosai da kunu mai zaƙi da lemu mai sanyi daga kowane ɓangare. Bayan salla da ta hau sikeli, ɗan abin da ya ragu ya dawo. Na fito daga likita na zauna a kan moto ban tayar ba. Inna na tsaye tana jirana, ta ce in ba tafiya za mu yi ba ita za ta kama hanya.

Da aka yi ruwan shuka wana ya aiko cewa Inna ta zo ta yi damina a gida, matarsa na da tsohon ciki. Na san ba wannan ne kaɗai dalilinsa ba. Na ji tsoro, don likita mafi kusa da ƙauyen sai an yi tafiya, in ruwa ya cika ƙorama ma ba a wucewa. Amma Inna ta riga ta fara ɗaure kaya kafin in ce komai. Na sayi maganin da zai kai ta kaka, na nuna wa wana yadda ake ba ta, aka ɗora tunkiya da ɗanta a saman mota.

Daminar nan ban zauna lafiya ba. Waya a ƙauyen sai an hau tudu ake samu. In na kira wana ya ce lafiya lau, in na ce ya ba ni ita ya ce tana gona. Sai in rasa ko murna zan yi ko damuwa. Da gero ya fara fitar da kai na kasa daurewa, na tafi.

Ƙauyen ba kamar yadda nake ba majo labari yake ba. An yi famfo a tsakiyar gari, an kawo injin niƙa, wani yaro da ya dawo daga ci-rani ya buɗe shago yana sayar da taliya da biskit da lemun gari. Samari ba sa taka ƙasa, kowa moto. Amma Inna na same ta a gonar wake tana cirar ciyawa a duƙe. Ta miƙe ba ta dafa komai ba. Fuskarta ta yi baƙi, ta ɗan faɗa. Da rana fura muka sha a gindin gawo, da dare tuwo da miyar ganyen da ta tsinko a hanya. Ba wanda ya hana ta komai, ba wanda ya sa mata ido, abin da ke akwai ke nan. Na duba maganin na ga ya fi yadda ya kamata yawa. Ta ce ranar da ta ji garau ba ta sha. Na yi ta roƙonta, ta ce to.

Bayan an yi girbi ta dawo Konni. Zanenta ya koma yana zagaye ta da saura. Na kai ta likita da sassafe, ta hau, allurar ta tsaya can baya, ragin da ko makaho zai ji a hannu. Na ji kamar in rungume majo. Na ce mata ga amsa ta fito, ƙauye ne maganin.

Majo ta dubi idon Inna, ta ja fatar ƙasan idon, ta tambaye ta ko ta yi rashin lafiya. Sai a lokacin na ji. Zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da ita bayan tafiyata, ta yi kwanaki ba ta cin komai sai kunu, kuma ita ta hana wana ya gaya mini. Majo ta ce to ka gani, wani ɓangare na gona ne, wani na tuwo, wani na zazzaɓi, ba ta da hanyar rabawa. Tansiyon kuma yana sama fiye da lokacin da ta tafi, saboda tsallake magani. Murnar da nake yi ta gushe.

Inna ta sauko daga sikelin, ta sa takalminta a hankali.

"Ɗiyata," ta ce wa majo, "magani zan sha, na yi alkawari. Ciyawa ma zan ci gaba da yankowa. Amma abin ga na hau shi na ƙarshe. Duk ranar da na hau, yaron ga ba ya cin abinci."

Na buɗe baki zan yi magana, majo ta ɗaga mini hannu. Ta ce ta yarda, muddin za a riƙa kawo ta awon jini. Sannan ta tura sikelin da ƙafa zuwa gabana ta ce ni in hau. Na ce ai ni lafiyata ƙalau. Ta ce shekara nawa ina zaune a shago daga safe zuwa magariba, me nake ci da rana a bakin tasha, yaushe rabon da in je wani wuri ba a kan moto ba. Na cire takalmi na hau. Allurar ta wuce inda ta Inna ta taɓa kaiwa, ta yi gaba. Da aka ɗaura mini abin awon jini, ni ma nawa ba daidai yake ba. Inna ta leƙa, duk da ba ta karanta lamba, ta ga fuskar majo, ta ga tawa, ta ce ashe mai kallon kwanon wani bai duba nasa ba.

Tun daga nan nake zuwa shago a ƙasa da safe, moton na gida. Mutane sun tambaya ko na sayar ne, na ce yana hutawa. Da rana matata na aiko mini da abinci, amma ƙamshin tsiren tasha yana nan inda yake, kuma ba kullum nake cin nasara ba. Nawa nauyin yana sauka kaɗan ya koma, kamar yana wasa da ni.

Inna ta yi lokacin sanyi da bazara tare da mu, tana shan maganinta a gaban matata. Da hadari ya fara haɗuwa a gabas ta ce za ta koma, haka take so ta riƙa yi, rabin shekara nan rabi can. Wannan karon matar wana na damƙa wa maganin, na kuma saya musu gidan sauro sabo. Ran da za ta tafi na raka ta tasha. Da ta zauna a mota ta leƙo ta taga ta ce in daina kiran wana kullum ina hana shi aiki, in akwai abin faɗa za a faɗa mini.

Ban daina ba, na dai rage. Jiya ma na kira, ya ce an yi ruwa mai kyau, ƙorama ta kawo, mota ba ta shiga sai ruwan ya janye. Na tambayi Inna, ya ce lafiya lau. Na ce ƙafarta fa, tana kumbura? Ya ce shi bai duba ba, amma zai sa matarsa ta duba, sai wayar ta yanke.